Gwangwanin Kalmomin Yaya

Masu bibiyar labarina, yau ku yi haƙuri da ni, ina rubutun nan ne hankalina bai gama dawowa jikina ba. Wanda bai san ni ba kuma ya matso in gaya masa a gurguje. Ni ce autar Umma, shekarata ashirin da uku, saura mako uku in zauna jarabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wadda dubban mutane ke rubutawa a ɗebi 'yan ɗaruruwa. Lissafi ba ya ɗaga mini hankali. Turanci ne ya zame mini ƙarfen ƙafa, musamman inda za a zuba maka dogon labari a ce ka karanta ka amsa tambayoyi.

Mu biyu Umma ta haifa. Yayata ta rasu shekara biyu da suka wuce, saura kwana huɗu ta zauna wannan jarabawar. Da hantsi ne, tana shanya a tsakar gida, sai Umma ta ji faɗuwar bokiti. Kafin a samo mota ta cika. Likita ya ce zuciyarta ce ta tsaya. Duk wanda ya shigo gaisuwa magana ɗaya muke maimaita masa: lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta ce tana yi ba.

Har yau ɗakinmu nake kwana. Gadonta ya koma wurin jera kayan guga, amma shuɗin gyalenta yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba wanda ya iya sauke shi. In iska ta turo ƙofar sai ya motsa, ni kuwa na koyi shiga ɗakin ba tare da na kalli wajen ba.

Ranar da na cike takardar jarabawa, Umma ta tsayar da kekenta na ɗinki, ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit.

"Ungo kayan karatun 'yar uwarki. Ni dai Turanci ko zo in kashe ki ban sani ba, amma ban yarda a zubar ba."

Kwalayen sabulu da na shayi ne Yaya ta yayyanka daidai tafin hannu, ta ɗaure su goma-goma da roba. A kan kowane ɗauri ta rubuta kwanakin da suka rage mata: saura casa'in, saura tamanin da tara, haka har ƙasa. A fuskar kati kalmar Turanci ce. A baya ma'anarta da Hausa, a ƙarƙashi kuma wata jimla da Turanci, da wannan rubutun nata mai kwanciya gefe kamar iska na tura shi. Ni da nake neman sauƙi, sai in karanta kalma, in juya in ga ma'ana, in wuce. Jimlolin sun yi mini tsawo, rabin kalmomin ciki ma ban san su ba.

Na jira har ya rage kwana casa'in cif, na fara bin ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, kullum bayan sallar asuba. Tun a makon farko wani abu ya fara tayar mini da tsigar jiki. A kowane ɗauri, katin sama yana da tauraro da jan biro. Ƙarfe shida daidai kuma wayata za ta yi ƙara, saƙon Malam, mai koya mana Turanci, ya shigo da kalmar ranar. In na duba, ita ce dai kalmar da Yaya ta yi wa tauraro. Kwana uku a jere na ajiye wayar ina karanta addu'a. Daga baya na gane ba wani abin tsoro ba ne, jerin kalmominsa ɗaya ne duk shekara, yadda ya tura mata haka yake turo mini. Ganewar ba ta sa na ji daɗi ba.

To, ga Malam nan. Shi ne mai ajin Turanci da ke saman jerin shagunan bakin titi, ɗaki mai benci takwas da fanka mai kukan tsohuwar ƙofa. Shi ya koyar da Yaya. Bayan rasuwarta bai ɗauke ƙafa daga gidanmu ba, ya gyara mana famfo, ya riƙa karɓo wa Umma maganin hawan jini. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, aljihun farar rigarsa ba ya rabuwa da tabon biro, in tunani ya kama shi sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Wata huɗu ke nan da ya faɗa wa Umma cewa ni yake so.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. A ƙarƙashin kalmar ranar yakan ƙara layi ɗaya: "Kin tashi lafiya, ɗalibata mai taurin kai?" Wannan layin nakan karanta shi sau biyar, kalmar kuwa sau ɗaya.

Ranar Laraba ya rarraba mana sakamakon gwaji. A sashen karanta labari na ci tara cikin ashirin da biyar. Da aka tashi ya ce in tsaya.

"Kin san matsalarki?"

"Turawa ne ba su iya taƙaita magana ba."

Ya yi murmushi. "Kina tsince kalmomi ɗaya-ɗaya, kina barin maganar a ƙasa. Kowace jimla ki yi mata tambaya huɗu. Wa ya yi? Me ya yi? Wa aka yi wa? Me ya sa? In kika amsa su, ba labarin da zai gagare ki."

"To kalmomin da nake haddacewa fa? Da safe suna nan, da rana sun gudu."

"Don kina barin su tsirara ne. Kullum ina faɗa muku, duk kalmar da kika koya ki sa ta a jimlar da ta shafi rayuwarki, abin da ya faru da ke da gaske. In ba haka ba aronta kika yi, ranar jarabawa za ta koma wurin mai ita." Ya shiga tattara alli. "Yayarki ba ta taɓa tsallake wannan ba."

"Na sani. Katunanta suna wurina."

Allin ya suɓuce masa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe kafin ya ɗago.

"Katunan suna nan?"

"Gwangwani guda."

"Ki ara mini mana. Zan nuna wa ɗalibai yadda ake yi."

"Sai bayan jarabawa, Malam. Da su nake karatu."

Ya cire tabarau ya goge. A lokacin na ɗauka kewarta ce ta taso masa, har na ji wani ɗan kishi maras kunya ya soke ni, kishin wadda ke kwance a ƙasa.

Ina shiga gida na iske takalman Gwaggo a ƙofar falo. Gwaggo ƙanwar Abba ce, tun da ya rasu ta naɗa kanta shugabar gidanmu ba tare da kowa ya zaɓe ta ba. Tana zaune ta baje a doguwar kujera, awarwaro har gwiwar hannu, tana fifita da kwalin zaren Umma.

"Ga 'yar boko nan. Zauna. Mutumin nan ya ce Asabar zai zo ya ji amsa kafin ya turo manyansa. Me kike jira?"

"Gwaggo, jarabawa..."

"Jarabawar ai a gidansa aka haife ta. Wa zai bar ki ki yi aiki kamar shi? Mutumin da ya tsaya mana ranar da 'yan uwa ma suka zame? Ke dai kin samu wuri ne."

Na kalli Umma. Ba ta ɗago daga bakin rigar da take kalmashewa ba.

"Ni ba zan matsa miki ba, Auta. Amma in na gan shi a falon nan, sai in ji kamar ita ma ba ta yi nisa ba."

Da Gwaggo ce kaɗai da na iya da ita. Maganar Umma ce ta bi ni har ɗaki.

Washegari da asuba na idar da salla na jawo gwangwanin, na ɗauko ƙamus, na ce yau zan gwada tambayoyin nan huɗu. Wata biyu na karatu ba su tafi a banza ba, jimlolin da a da suke mini duhu sai na ga sun fara buɗewa. Na koma ɗaurin farko.

Kalmar da ke nufin malalaci, ga abin da ta rubuta a ƙasanta: ƙanwata malalaciya ce, ta gwammace ta kwana da yunwa da ta wanke tukunya.

Na tuntsire da dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Muryarta ce tsaf. A kalmar tattali ta ce Umma tana yanka sabulu gida huɗu, ta ɓoye uku ta manta inda ta sa. A kalmar fariya ta ce Gwaggo ta ba mu labarin sabon firjinta sau shida, har yanzu ba mu sha ruwan sanyinsa ba. Ashe duk wata biyun nan Yaya tana yi mini hira a bayan katunan, ni kuwa ina juya ta ina wucewa.

Na manta da shayi, na manta da shara. Ɗauri bayan ɗauri nake kwancewa, rana ta fito ta hau bango. A saura arba'in ta rubuta cewa akwai wanda in ya yaba amsarta sai ta kasa cin abinci don murna. Ba ta faɗi suna ba, ban kuma buƙaci ta faɗa ba.

Daga saura talatin dariyar ta ƙare.

A kalmar da ke nufin matsananciyar gajiya: yau sau biyu na tsaya a matakalar aji ina neman numfashi.

Na sake karantawa. Na yi mata tambayoyin, ko na fahimta ba daidai ba. Wa ya yi? Ita. Me ta yi? Ta tsaya. Me ya sa? Numfashi.

A saura ashirin da bakwai: ƙirjina yana bugawa ba bisa ƙa'ida ba, in na kwanta ta hagu ya fi tsanani.

A saura ashirin da huɗu, kalmar suma: na suma a aji bayan kowa ya tafi, Malam ya yayyafa mini ruwa.

Sai katin saura ashirin da uku, mai jan tauraro, kalmar da ke nufin jinkirtawa. Shekaranjiya Malam ya turo mini ita, da gaisuwarsa a ƙasa. A ranar na riƙe katin nan a hannuna, na haddace kalmar da ke fuskarsa, na mayar. Ga abin da ke bayansa: Malam ya ce in jinkirta zuwa asibiti har bayan jarabawa, kada Umma ta ji ta hana ni rubutawa, ya ce fargaba ce kawai, kuma ni ce ɗalibar da yake sa rai da ita.

'Yan uwa, na duba kowace kalma a ƙamus, har waɗanda na sani tun firamare. Ina neman wadda za ta canza maganar, ban samu ba.

A tsakar gida keken Umma ya fara ƙara. Na ji tana kirana in zo in ɗaura mata zare, na amsa da "Ina zuwa" cikin muryar da ban san tawa ba ce. Na tsallaka zuwa kwanakin da ban kai ba, abin da na yi wa kaina alkawarin ba zan yi ba.

Kada ku yi saurin tsine masa, ku bari ku ji nawa. A saura tara, a kalmar da ke nufin ƙin amsa roƙo, ta rubuta: na roƙi ƙanwata ta raka ni wani wuri, ta ƙi, tana kallo a waya.

Na tuna ranar. Ina kwance rub da ciki a gadon nan, ta shigo ta yafa shuɗin gyalenta.

"Auta, taso ki raka ni nan kusa."

"Ina?"

"Ke dai taso."

"Haba Yaya, bari in ƙarasa wannan. Gobe ma je."

Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Shi ke nan, ba sauri." Ta cire gyalen ta rataye a ƙusa. Ban ƙara ganin ta yafa shi ba, ban kuma taɓa tambayar kaina ina za mu ba. Da safen nan na ɗaga kai na kalli bayan ƙofa, karo na farko cikin shekara biyu.

Ɗauri na ƙarshe saura biyar ne, kuma kati ɗaya ne kawai a ciki. Kalmar juriya. Ta ce: kwana biyar kacal, sannan in gaya wa Umma komai.

Kwana biyu na yi ina yawo a gida kamar wadda zazzaɓi ya saki jiya. Umma ta taɓa goshina, ta ce karatun ya yi yawa, na ce eh. Ƙarfe shida saƙonsa yana shigowa, kalmar da na riga na san ita ce za ta zo. Na so in tsane shi, wallahi na so, sai in tuna ni ma an ce in taso ban taso ba. Shi bai san za ta mutu ba, ni ma ban sani ba. Ya yi kuskure don yana son ta ci jarabawa, ni na yi nawa don wani fim da ko sunansa ban riƙe ba. Amma ni ban san abin da take ɓoyewa ba. Shi ya sani, kuma shekara biyu yana zama a falonmu yana jin Umma tana cewa ko ciwon kai ba ta yi ba, yana gyaɗa kai.

A ƙarshe na yanke wa kaina hukunci. In ya faɗi gaskiya da bakinsa, ko da kuka ne, ko da Umma za ta kore shi na wani lokaci, zan iya aurensa, mu ɗauki kayan nan tare. Ranar Juma'a da yamma na tura masa saƙo.

"Akwai jimlar da ta gagare ni. In ka zo gobe ka fassara mini."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso. "Da murna. Allah ya sa ita ce kaɗai abin da zai gagare ki gobe."

Asabar bayan la'asar na sa doguwar riga ruwan toka, ban sa kwalli ba. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa.

"Amsa za ki bayar ko asibiti za ki? Ko turare ba kya fesa ba?"

Ita ta sha ado kamar ita ake nema. Umma ta shimfiɗa sabon mayafin tebur, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙi. Ya yi sallama ya shigo cikin farar riga mai sabon guga, ba tabon biro yau, ya durƙusa ya gaida Umma, ya miƙa mata ledar maganinta. Aka sha shayi. Gwaggo ta ba shi labarin firjinta.

Na shiga ɗaki na fito da kati ɗaya. Ban kawo gwangwanin ba.

"Malam, ga jimlar."

Ya karɓa yana murmushi. Ya ga jan tauraron, ya juya bayan. Na ga idonsa ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya dawo farko. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya tsaya ne a fuskarsa ba mai shi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Umma ta leƙo. "Wannan ai rubutunta ne." Ta ajiye kofi. "Nata ne, ko? Dama magana take rubutawa a jiki? Ni na ɗauka duk karatu ne. Me ta ce, Malam?"

Fankar falo tana juyawa. A raina ina roƙonsa, faɗi, don Allah faɗi, ni ma zan faɗi nawa.

Ya gyara murya.

"Cewa ta yi, Umma..." Ya sake duban katin. "Cewa ta yi in ta ci jarabawa ba za ta sake bari ki taka keken ɗinki ba. Ta ce kin wahala da su, lokacin hutunki ya yi. Ta ce ba ta da kamarki."

Ko tuntuɓe bai yi ba. Da taushin muryar nan da yake karanta mana labari a aji ya faɗe shi.

Gwaggo ta ce, "Allah sarki, 'yar albarka," ta kai gefen mayafi ido. Umma ta miƙa hannu biyu ta karɓi katin, ta ɗora shi a ƙirjinta, kafaɗunta suna rawa. Shekara biyu ban ga irin wannan hasken a fuskarta ba. Tana kuka tana murmushi, tana shafa ɗan kwalin sabulun da yatsa.

Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni. Ya san na sani. Ya san shi da kansa ya koya mini yadda zan sani. Idonsa yana roƙona in dubi fuskar Umma, kuma na duba. Amsar da Gwaggo ke jira ta riga ta zauna a raina, wannan ba ta ƙara ba ni wahala ba. Son da nake masa bai fita ba, yana nan yana ciwo, amma ba zan shiga gidansa ba.

Umma ta share ido da bayan hannu, ta juyo gare ni. Ta miƙo mini katin.

"Auta, ai ke ma yanzu kin iya. Karanta mini da bakinki in sake ji. Muryarku ɗaya da ita."